Kafin a Ƙara wa Yaro Cokali na Biyu

 

Maganar da na zo da ita a kan farasitamol ce, wanda yawancinmu ke kira Panadol ko da wane kamfani ne ya yi shi, 'yan'uwanmu na Nijar kuma suka fi sani da Doliprane. Da wuya ka shiga gida ka rasa shi. Yana kan taga, yana cikin jakar uwa, yana aljihun maigida, wani lokacin ma yana ƙulle a bakin zanen kaka tare da goro. Magani ne mai kyau, da wannan zan fara, don kada wata ta gama karantawa ta kwashe na ɗakinta ta watsar. Yana sauke zafin jiki, yana rage ciwo, ba shi da tsada, kuma idan an ba da shi bisa ƙa'ida yana cikin magungunan da suka fi sauƙi ga jikin yaro. Tun 1955 aka fara sayar da na ruwa domin yara a Amurka, a 1956 kuma ƙwayarsa ta shiga kasuwa a Ingila. Daga wancan lokaci zuwa yau Allah kaɗai ya san iyayen da suka samu barci saboda shi.

Sai dai sabo ya sa mun daina kallonsa a matsayin magani. Allura muna tsoronta, kafso muna ɗan jinjina masa, amma farasitamol mun mai da shi ɗan gida. Yaro ya yi ɗumi, a ba shi. Ya yi rigima da dare, a ba shi. Ya fara dalalar da miyau an ce haƙori ne, a ba shi. Ba a tambayar nawa, ba a tambayar yaushe aka ba shi na ƙarshe. Su kuwa waɗanda suka kawo mana shi tuni suka sha jinin jikinsu. A 1966 wasu likitoci a Sikotilan suka fara ba da rahoton mutanen da hantarsu ta lalace saboda shan wanda ya wuce kima, kuma a yau shi ne kan gaba wajen haddasa mutuwar hanta farat ɗaya a Ingila da Amurka. Shi ya sa tun 1998 dokar Birtaniya ta taƙaita yawan ƙwayoyin da ake zubawa a kwali ɗaya: 16 a kanti, 32 a shagon magani. Mu a nan, ko a tasha za ka sayi kati goma a faranti, ba mai ɗaga ido ya dube ka.

Ga yadda abin yake a cikin jiki. Duk abin da yaro ya haɗiya na wannan magani, hanta ce ke karɓa ta sarrafa. Mafi yawansa takan mayar da shi abin da ba ya cutarwa, ya fita ta fitsari. Amma akwai ɗan kaso da ke rikiɗewa ya zama guba a cikin hantar kanta. Allah cikin hikimarsa ya ajiye wa hanta wani sinadari, likitoci na ce masa gulutatayon, wanda ke kama wannan gubar ya kashe ƙarfinta nan take. Ku ɗauke shi kamar ruwan randa. Kowane cokali na magani garwashi ne ya faɗo a ɗaki, a kamfato ruwa a kashe, kafin wani ya faɗo an sake cika randar. To, idan garwashin ya yi ta zubowa ba ƙaƙƙautawa har randa ta ƙafe, wanda ya faɗo bayan nan ɗakin zai ci. Kuma abinci ne ke cika wannan randa. Yaron da ya kwana biyu bai ci ba saboda zazzaɓi, ko mai amai da gudawa, ko wanda tamowa ta riga ta taɓa, dama tasa ba a cike take ba. Kun ga ke nan yaron da aka fi ɗura wa maganin shi ne wanda hantarsa ta fi kasa ɗauka.

Da a ce yaro faɗuwa yake yi nan take idan magani ya yi masa yawa, da tuni kowa ya gane. Ba haka yake zuwa ba, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali a cikin lamarin. A rana ta farko wani zai yi amai, ya ƙi abinci, ya yi gumi, jikinsa ya mutu. Wani kuwa ko alama ba zai nuna ba, yana ta wasansa a tsakar gida. Su kansu waɗannan alamomin ai irin na zazzaɓin da ake yi wa magani ne, wa zai kawo wani abu a ransa? A rana ta biyu sau da yawa sai ya zama kamar ya samu sauƙi, gida ya yi hamdala, alhali a lokacin ne hantar ke lalacewa. Wani zai fara kuka idan an taɓa gefen cikinsa na dama, nan ƙarƙashin haƙarƙari. Sai a rana ta uku zuwa ta huɗu idanu su koma ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, yaro ya yi ta barcin da ba na lafiya ba ko ya rikice ya kasa gane uwarsa, sukarin jininsa ya faɗi, jini ya ƙi daskarewa har ya riƙa fita ta dasashi ko ta hanci. A nan sai mu ce shawara ce ta kama shi, a jiƙo saiwoyi a ƙara wa hantar da ta gaji wani aikin. Idan jiki ya yi ɗumi kuma, a sake ɗauko wannan kwalbar dai. Ba wanda zai zargi kwalbar, domin ita ce ake gani tana taimako.

Bari in kwatanta muku dare ɗaya, irin wanda kowace uwa ta sani. Yaro ne ɗan shekara guda, nauyinsa kilo 10, da yamma jikinsa ya yi zafi rau. Bayan magariba uwa ta ɗauko kwalbar na ruwa, wadda aka rubuta 120mg/5ml a jikinta. Ɗan kofin awon ya ɓace tun watan jiya, sai ta tsiyaya a cokalin cin shinkafa. Mu ce mililita 10 ya ɗauka, miligiram 240 ke nan. Bayan isha'i maigida ya dawo, ya biya kemis ya sayo maganin mura da tari, aka ba yaro cokali guda. Ba wanda ya karanta kwalin ya ga shi ma da farasitamol a ciki. Mu ce wani 120 ne. Tsakar dare kukan ya kai ɗakin Hajiya, mahaifiyar maigidan. Ta taso, ta dafa goshinsa ta ce, "Subhanallahi, wannan yaro ai wuta ne!" Ta kwance bakin zanenta, ta ɓalle ƙwaya ɗaya gida biyu, ta narkar da rabi a cokali ta ɗura masa. Ƙwayar manya miligiram 500 ce, rabinta 250. Surukarta na tsaye, kunya ta hana ta cewa an riga an ba shi. Da asuba zafin ya dawo, uwa ta sake cika cokalinta, wani 240. Ku haɗa lissafin: miligiram 850 kafin rana ta fito. Yaro mai wannan nauyi kuwa, iyakar abin da ya kamata ya shiga cikinsa daga safiya zuwa wata safiyar miligiram 600 ne. Idan da hantsi aka kai shi kemis aka yi masa allurar zazzaɓi, sau da yawa ita ma farasitamol ce.

A cikin mutanen nan uku babu mugu, babu sakarai. Kowannensu ƙauna ce ta tayar da shi daga barci. Dare ɗaya irin wannan, yawancin yara hantarsu za ta jure. Amma zazzaɓi ba dare ɗaya yake yi ba. A maimaita haka kwana biyu, kwana uku, ga yaro ba ya ci, a nan ne ɓarnar take. Bahaushe ya ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma ban da wajen bai wa yaro magani. Nan hannu ɗaya ake so. Mutum ɗaya ya riƙe kwalbar, duk wanda ya ga yaro na bukata ya zo ta wurinsa.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Da nauyin yaro ake aunawa: miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo ɗaya na jikinsa a shan guda. Tsakanin sha da sha a bar awa 4 zuwa 6, kuma kada ya wuce sau 4 a cikin awa 24. Mai kilo 10 zai sha tsakanin miligiram 100 da 150, wato mililita 5 na wannan kwalbar mai 120 ya ishe shi. Kada ki ce ai ɗan maƙwabciya sa'ansa ne kuma cokali biyu ake ba shi. Yara biyu za su zo duniya wata ɗaya, wannan ya fi wancan kilo uku. Duk ranar da kika je rigakafi ko awo, ki sa a ɗora shi a sikeli, ki ce da ma'aikaciyar ta rubuta miki a bayan katinsa mililita nawa zai sha idan zazzaɓi ya zo. Bayan 'yan watanni ki sake tambaya, tun da yaro girma yake yi.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata a gyara. Mun saba auna lokaci da sallah, har za ka ji an ce a riƙa ba shi bayan kowace sallah don kada a manta. Niyyar mai kyau ce, amma ku duba. Salloli biyar ne, an riga an wuce huɗu ke nan. Sannan daga azahar zuwa la'asar kamar awa biyu ne, daga magariba zuwa isha'i awa ɗaya da 'yan mintoci. Yaro zai sha sau huɗu tsakanin ƙarfe biyun rana da takwas na dare. Ga wannan magani agogo za a duba, kuma yanzu kowa na da shi a wayarsa. Kin ba shi, ki ɗauki biro ki rubuta lokacin a jikin kwalin. Idan babu biro, ki ja layi da gawayi a bango ki faɗa wa mutanen gida. Uwar da ta kwana biyu ba ta runtsa ba ba za ta iya riƙe lissafi a ka ba, kuma ba laifinta ba ne.

Sai maganar cokali. Idan an ce cokali ɗaya a asibiti, mililita 5 ake nufi. Cokulan gidajenmu kuwa kowanne da girmansa. Na shayi wani bai kai 5 ba, wani ya wuce, na cin abinci kuma yakan ɗauki 10 har 15, ninki biyu ko uku. Murfin kwalba ma ba ma'auni ba ne. Abin da ya fi shi ne sirinji marar allura, kuma kuɗinsa bai kai na katin waya ba. Ki girgiza kwalbar, ki kunna fitila, ki zuƙo maganin har layin da aka nuna miki, ki ɗaga sirinjin daidai idonki ki tabbatar. Ki zaunar da yaron a cinyarki kansa a sama, ki sa bakin sirinjin ta gefen kumatunsa, ki riƙa turawa kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa. Ba a toshe masa hanci a yi masa ɗure, zai iya shaƙewa. Idan ya furzar da wani ko ya yi amai, kada ki ce bari in sake cikawa, domin ba ki san iya wanda ya riga ya shige ba. Ki jira lokacin na gaba.

Ku kuma lura cewa na ruwan ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai 120 ko 125 a mililita 5, shi ne aka fi sani. Akwai mai 250 a mililita 5, na manyan yara. Sannan akwai na jarirai a 'yar ƙaramar kwalba, wanda ake ɗigawa a baki. Mutane na zaton tun da na jarirai ne shi ya fi rauni, alhali shi ya fi duka ƙarfi: miligiram 100 ne a kowane mililita ɗaya, an yi shi haka don ɗan kaɗan ya wadatar. Jariri mai kilo 5 abin da zai sha bai kai mililita ɗaya ba. Idan aka tsiyaya masa cikin cokalin shayi, an ba shi miligiram 500, daidai da ƙwayar babansa guda cur. Wannan ruɗani ya cutar da yara a Amurka har ya sa a 2011 kamfanonin can suka fara janye mai ƙarfin daga kasuwa, suka mai da na ruwan yara ƙarfi ɗaya. A kasuwanninmu duka suna nan gefe da gefe a kan kanta. Don haka duk sabuwar kwalba, a karanta lambar da ke jikinta kafin a buɗe. Wadda ba ta iya karatun boko ba ta sa mai kemis ya nuna mata a jikin sirinji, ya yi mata alama da biro a daidai layin.

Ƙwayar manya kuwa a bar wa manya. Ba ta ɓallewa daidai, kuma guda ɗaya tal ta kusa cika abin da ɗan shekara guda zai sha a yini da kwana.

Wanda ya fi shammatar mutane shi ne farasitamol ɗin da ke ɓoye cikin wasu magunguna. Yawancin na mura, irin su Procold da Mixagrip, da wasu na tari, da na ciwon jiki, da waɗanda ake sayarwa da sunan maganin haƙori, duk suna ɗauke da shi. Sunan da ke gaban kwali daban, abin da ke ciki ɗaya. Ku juya kwalin ku duba ƙananan rubutun. Idan kun ga Paracetamol, ko Acetaminophen kamar yadda Amurkawa ke rubutawa, to abu ɗaya ne, kada a haɗa biyu. Kada kuma gudun wannan ya kai ku ga asfirin ko hodar ciwon kai irin ta manya. Ba a ba yara asfirin sai da umarnin likita, domin shi ma yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa.

Tun da na ambaci haƙori, bari in ɗan tsaya. Fitowar haƙori takan sa ƙaiƙayin dasashi da rigima da ɗan ɗumi, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi na kwanaki, ba ta kawo gudawar da ke zuƙe yaro. Mun jingina wa haƙori cututtuka da yawa da ba nasa ba, muna ta ba da magani kullum safe da yamma, ainihin cutar tana ci. Waɗanda suka manyanta za su tuna ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, lokacin da maganin haƙori mai suna My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Najeriya. Kafin nan, a 1990, yara 47 suka rasu a Jos bayan shan farasitamol na ruwa. A duka biyun ba yawan sha ba ne, wani sinadari mai guba ne da ke kashe ƙoda ya shiga wurin haɗawa. Na kawo su ne don ku san cewa kwalbar da ake saye ba tare da tunani ba ta taɓa jefa gidaje cikin makoki. A duba lambar NAFDAC, a duba ranar da zai lalace, a guji wanda ya wuni a faranti cikin rana.

Akwai kuma yaron da ke shan maganin da kansa. Na ruwan zaƙi gare shi, ga ƙamshi, ga launi. Mu kuma don ya karɓa sai mu ce masa, "Zo ka sha alewa." Ya ji, ya riƙe. Ranar da ya tarar da kwalbar a kan tabarma uwa ta shiga wanka, zai ɗaga ta ya shanye, ko yayarsa 'yar shekara huɗu ta zaunar da shi ta yi wasan likita. Kwalba mai mililita 60, ta irin mai 120 ko 125, tana ɗauke da kusan miligiram 1,500. Likitoci kan ɗauki miligiram 150 ga kowane kilo a matsayin inda haɗari yake farawa a shan guda, wato ga mai kilo 10 wannan kwalbar guda ta kai, haka ma ƙwayar manya 3. Gaskiya ne ƙananan yara masu lafiya sun fi manya jure irin wannan shan na lokaci ɗaya, kuma yawancinsu suna tashi lafiya. Amma ba uwa ce za ta zauna a gida ta yanke hukuncin ko nata yana cikin masu jurewa ba. A ajiye magani a sama, a cikin abin da ke rufuwa da makulli in da hali. Kada a bar shi ƙarƙashin matashi ko cikin jakar da yaro ke bincike. A kira shi magani a gaban yaro, ya san ba abin wasa ba ne.

To, idan abin ya riga ya faru fa? Kin shigo kin ga kwalba a kife, bakinsa duk danƙo. Ko kun zauna kun yi lissafi kun ga an ba shi fiye da kima tun jiya. Ki ɗauki mayafinki, ki ɗauki yaron, ki ɗauki kwalbar da kwalinta da duk wani maganin da ya sha, ku nufi asibiti a wannan lokacin, ko tsakar dare ne, ko da yana dariya. Kada a ba shi manja, kada a ba shi madara da sunan karya guba, kada a ba shi ruwan gishiri ko a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Ba sa hana maganin isa hanta, kuma aman dole na iya kai manjan cikin huhu, ruwan gishiri mai yawa kuwa shi kansa guba ne ga ƙaramin yaro. Lokacin da za a ɓata ana wannan shi ne lokacin da ake bukata.

Domin akwai makari, alhamdulillahi. Sunansa asetilsistin, kuma likitocin birnin Edinbara, ƙarƙashin Dokta Laurie Prescott, su suka tabbatar da amfanin ba da shi ta jijiya a shekarun 1970. Aikinsa shi ne ya taimaki hanta ta sake tara wancan sinadarin gulutatayon da ya ƙare. Idan aka fara shi cikin awa 8 da shan maganin, kusan gaba ɗaya yake kare hanta. Bayan nan ma yana taimakawa, don haka ko an makara a je, sai dai ƙarfinsa na raguwa da kowace awa. Idan an isa cikin awa ta farko, likita na iya ba da wani gawayi na musamman na asibiti da ke kama maganin tun yana ciki, wanda ba shi da alaƙa da gawayin murhu. Daga awa 4 da sha kuma ana iya ɗibar jini a auna yawan da ya shiga. Ba kowane ƙaramin asibitin unguwa ke da waɗannan ba, don haka in da yadda za a yi a nufi babban asibiti kai tsaye, in kuma an tura ku gaba kada ku koma gida ku ce sai da safe. Idan hanta ta mutu gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne dashe, aikin da masu hali ke fita Indiya ko Masar dominsa.

A gaban likita ki faɗi gaskiya duka. Na san abin da ke hana mata: tsoron faɗan miji, tsoron a ce ta yi sakaci, kunyar ambaton sunan suruka. 'Yata, likita ba alƙali ba ne. Abu uku yake nema: wane iri ya sha, nawa ya sha, ƙarfe nawa. Da waɗannan zai san abin yi. Idan kika rage cokali ɗaya a lissafi don ki rufa wa wani asiri, da lissafin ƙarya za a yi wa ɗanki magani.

Shi kansa zazzaɓin, ya kamata mu rage firgita da shi mu ƙara neman sanadinsa. Zafin jiki alama ce cewa jiki na faɗa da wata cuta. Farasitamol yana sauke zafin na 'yan awoyi, amma ba ya kashe ƙwayar maleriya, ba ya warkar da ciwon huhu ko sanƙarau ko ƙyanda. Ba ya ma hana jijjigar da zazzaɓi ke kawo wa wasu yara, don haka ƙara yawansa saboda tsoron jijjiga ba shi da amfani. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa ma'aikatan lafiya ta ce a ba da shi idan zafin ya kai 38.5 ko yaro na jin ciwo. Yaron da ke da ɗan ɗumi amma yana shan nono yana wasa, a rage masa kaya, a yawaita ba shi nono da ruwa, a sa masa ido. A ƙasarmu kuwa, musamman da damina, duk zazzaɓi a je a yi gwajin maleriya a ranar, digon jini ne a yatsa da 'yan mintoci. Jaririn da bai kai wata uku ba idan ya yi zazzaɓi, asibiti ne kai tsaye ba kemis ba. Haka yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashinsa ke sauri, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Idan kuma an kwana biyu ana ba da magani zafin na tafiya yana dawowa, to ba ƙarancin farasitamol ba ne matsalar, akwai abin da ba a gano ba.

Ku masu kemis, amana ce a hannunku, domin ku ne asibitin farko na talaka. Kafin ka miƙa kwalba ko ka zuƙi allura, tambayi uwar abin da aka riga aka ba yaron da lokacin da aka ba shi. Ka haɗa mata da sirinji, ka nuna mata layin.

Ku kuma magidanta, kada ka shigo da leda daga kemis ka ce a ba shi yanzu-yanzu don a ga ka yi wani abu. Ka fara tambayar maman yaron. Kuma ka san matarka ba za ta iya ce wa mahaifiyarka a'a ba, tarbiyyarmu ba ta ba ta wannan bakin ba. Kai ne za ka iya rusunawa ka ce, "Hajiya, an ba shi ƙarfe goma, sun ce sai ƙarfe huɗu." Ba rashin ladabi ba ne, kuma babu uwar da za ta ƙi ji idan ta san hantar jikanta ake tattali.

Sai mu, 'yan'uwana kakanni. Yara da yawa a hannunmu suke kwana, ga ɗan fari da uwarsa ke kunya, ga wanda aka kawo yaye, ga na 'ya'yanmu masu zuwa aiki. Mun yi renon goma sun girma, gaskiya ne, kuma ba wanda zai ƙwace mana wannan. Amma kwalaben yanzu ba irin na zamaninmu ba ne, kuma idanunmu ba sa ganin ƙananan rubutun nan kamar da. Ƙwayar da ke bakin zanenki ta ciwon gwiwarki ce, ki bar ta a nan. Idan kin ji kukan jikanki cikin dare kin taso, ki karɓe shi ki rungume, ki yi masa addu'a, ki ce da uwar ta ɗan kishingiɗa ta huta. Amma kafin komai ya shiga bakinsa, ki dube ta ki tambaye ta da murya mai taushi, yadda ba za ta ji nauyin amsa miki ba: "Me kika ba shi, kuma ƙarfe nawa?"